Ƙunshin Daouda

Kwana biyar da haihuwar 'yarsa, Daouda bai taɓa ta ba ko da ɗan yatsa. Huɗubar da ya yi mata a asibiti ma hannuwansa a baya ya yi ta, ya sunkuya ya raɗa mata kiran salla a kunne, ya ja da baya. Ma'aikaciyar jinya ta miƙo masa jaririyar har sau biyu, shi kuwa ya yi ta murmushi yana girgiza kai, sai matar ta kalli Hamsatou, ta ɗaga gira, ta fita abinta.

Mutanenmu na Greensboro kuwa abin ya burge su. Matan da suka riƙa zuwa barka a ɗan gidan hayarsu na bayan High Point Road suka ce ga ɗan asali, ya zo Amurka bai baro kunyarsa a filin jirgi ba. Wai kunyar ɗan fari ce, irin ta gida, inda uba ba ya ɗaukar ɗansa na fari, ba ya kiran sunansa, in yaron ya yi kuka ma sai ya yi kamar na maƙwabta ne. Alhaji Tahirou, mai shagon da ake sayen gero da kuka da katin waya, har misali ya yi da shi a ƙofar masallaci, ya ce samarin yanzu masu rataya jarirai a ƙirji su zo su ga tarbiyya. Daouda ya sunkuyar da kai ya karɓi yabon, amma shi ya san ba kunya ba ce.

Tsoro ne, kuma ya kai wata uku yana cin sa. Wani tabo ne fari-fari ya fito masa a bayan hannun dama, ya tsallaka na hagu, ya fara hawa wuyan hannu. Fatar wurin ta bushe tana saɓa. Wani da ya gani zai ce sanyi ne, ya shafa mai ya manta. Daouda kuwa ya san wanda ya taɓa gani da farin tabo a hannu. Ubansa kuturta ce ta kashe shi, a wata bukka a bayan ƙauyensu can wajen Tessaoua, lokacin Daouda yana da shekara goma sha biyu. Bayan rasuwar uban, uwarsa ta kwashe shi suka koma Maradi, ta ja kunnensa cewa duk wanda ya tambaya, zazzaɓi ne. Haka ya faɗa a makaranta, haka ya faɗa wa abokai, haka ya faɗa wa iyayen Hamsatou da ya je neman aure, don ya san ba a ba irin gidansu mata. A ƙauyensu kowa ya yarda ciwon jini yake bi, ya yi kwanton ɓauna shekara ashirin, sannan ya fito wa ɗa. Yanzu ga shi ya fito, a daidai lokacin da Allah ya ba shi 'ya mai fata kamar auduga, kuma ya rantse a ransa ba hannunsa ne zai shafa mata ba.

Za a ce me ya hana shi zuwa wurin likita. To, Turancin Daouda na wanke mota ne. A wani filin sayar da motoci yake aiki, yana dirzar tayoyi da wani sabulu mai warin tsiya tun safe har la'asar, kuma ya iya cewa an gama, a kawo wata, a matsa gaba. Maganar ciwo kuwa sai da tafinta, tafintan Hausa da ake kira a wannan shiyyar kuma ƙanin matar Alhaji Tahirou ne, mutumin kirki, amma abin da ya shiga kunnensa da safe kafin magariba ya isa Yamai. Daouda ya gwammace ya mutu a tsaye da a riƙa janye yara daga kusa da shi a wurin biki.

Hunturu ya rufa masa asiri. Ya sayi safar hannu baƙa ta ulu, ya ce shi sanyin ƙasar nan har cikin ƙashi yake jin sa, ya riƙa zama da ita ko a cikin ɗaki. A masallaci ya daina ba da hannu, sai dai ya dafa ƙirji ya ce mura. Ya koma cin tuwo da cokali, ya ɓoye kofinsa a bayan firji, alwala kuwa sai ya kulle banɗaki. Da aka sallamo Hamsatou ya kwashe bargonsa ya koma falo, wai maijego tana bukatar fili.

Hamsatou ba yarinya ba ce, kuma ta san mijinta. Mutumin da tun cikin yana wata huɗu yake kara kunne yana yi masa hira, shi ne yau zai zo mata da kunyar ƙauye? Ran kwana huɗu, da baƙi suka watse, ta dube shi daga inda take zaune tana shayarwa.

"Malam, in don mace ce aka haifa, ka faɗa mini in sani."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"To ɗauke ta."

Ya ce bari ya duba ko ya kulle mota. Ya fita ya tsaya a cikin sanyi kusa da motar da ya san a kulle take, ransa ya ɓaci ƙwarai, don bai taɓa jin ya tsani kansa kamar ranar ba.

Wadda ke yi wa Hamsatou wankan jego Tanti Fassouma ce, 'yar Maradi, gajeriya mai ƙarfin hannu, wadda ta haura sittin amma bakinta bai tsufa ba. Ɗanta ne ya kawo ta Amurka don ta huta, ta yi wata biyu tana kallon bango, ta ce ita wannan hutun zai kai ta kabari, ta nemi aiki. Ta samu a wani gidan gyaran jiki a Summerfield, can inda gidaje ke nesa da juna, dawaki na kiwo a bayan shinge. Aikinta shi ne shafe matan Turawa da laka.

Ba lakar kududdufi ba ce, ko da yake Tanti ta ce da farko ita ma haka ta zata. Baƙa ce wuluk, mai santsi kamar kwaɓin lalle, tana warin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Daga wasu fadamu na ƙasashen Turai masu sanyi ake haƙo ta, inda ganyaye da ciyayi suka nutse suka ruɓe tun shekaru dubbai. A ɗumama ta, a shafa a baya ko gwiwa ko fuska, a naɗe da leda da tawul, mutum ya kwanta. Tana riƙe ɗumi fiye da ruwa, kuma a hankali take sakinsa, shi ya sa masu ciwon gaɓoɓi da masu bushewar fata suke son ta.

"A gida in yaro ya shigo da laka a jiki duka yake sha," in ji Tanti. "Nan mace mai doki huɗu za ta kwanta in mulka mata ita har wuya, tana ce mini thank you, Fassouma."

Amma duk da tsiyar da take yi wa lakar, ta yarda da ita. A nan babu ganyen darbejiya da za a tsoma a tafasasshen ruwa a fyaɗa wa maijego, babu gadon ƙasa da za a hura wa wuta a ƙarƙashi. Da Hamsatou ta yi kukan bayanta kamar zai rabe biyu, Tanti ta roƙi Celina, mai gidan gyaran jikin, ta ba ta rabin bokiti. Kullum da hantsi, bayan wanka a baho, sai ta ɗora ƙaramar tukunya cikin babba mai ruwan zafi, ta ɗumama lakar, ta shafa wa Hamsatou a ƙugu ta naɗe. Hamsatou ta ce tun da ta haihu ba ta samu abin da ya sauke mata gajiya kamarsa ba.

Ran kwana shida Juma'a ce, jajiberin suna. Gari ya waye da ƙanƙara ta lulluɓe komai, rassan itatuwa sun sunkuya, famfunan wurin aiki sun daskare, aka ce kowa ya zauna gida. Don haka Daouda yana falo da safarsa, yana lissafin wa zai raka shi McLeansville gonar da za a yanka rago, jaririya kuma tana barci a gefensa cikin 'yar kujerar nan ta mota mai mariƙi. Tanti da Hamsatou suna uwar ɗaki.

Sai yarinya ta farka da tari. Ta yi tumbuɗi, nono ya fito ta baki ya fito ta hanci, ta ɗan shaƙe, sannan ta tsala ihu fuskarta ta yi jawur.

"Daouda! Ɗauke ta ka kifa ta a kafaɗa!" Tanti ta ƙwala daga ciki. "Hannuna duk laka ne!"

Ya miƙe ya tsaya a kanta. Hannuwansa suka tafi da kansu, suka kai kusa da zanin da aka naɗe ta, suka tsaya. Safar nan ta wuni ta kwana a kan tabon, wa ya san abin da ta kwasa? Ya sa gwiwa ya girgiza kujerar, ihun ya ƙaru. Tanti ta sake kira. Abin da ya ga zai iya kawai shi ne ya saƙala mariƙin kujerar a gwiwar hannu, ya ɗauke ta ɗungurungum, ya ruga ya ajiye a ƙofar ɗaki kamar mai kawo kayan cefane.

Tanti ta dube shi sau ɗaya. Ta goge hannu a tawul, ta sure yarinyar ta kifa, ta bubbuga bayanta har ta yi gyatsa ta koma shessheka. Hamsatou tana kwance rub da ciki, naɗe da leda, ta ga komai. Ta juya fuska wajen bango, kafaɗunta suka fara rawa. Tanti ta kwantar mata da yarinyar a gefe, ta fito ta ja ƙofa.

"Biyo ni."

A kicin ta tsaya ta riƙe ƙugu, baƙar laka har gwiwar hannu.

"Bon. Ni ba Alhaji Tahirou ba ce, ba ka sayar mini da wannan kaya. Kunyar ɗan fari a gida aka yi ta, inda akwai kaka da gwaggo da inna goma masu ɗauka. Nan wa ke gare ta? Ni jibi in koma aiki. Kuma ko a ƙauyenku, wane uba ne ɗiyarshi za ta shaƙe ya tsaya yana kunya? Mi ke damunka?"

"Ba komai, Tanti."

"Cire safar nan."

"Sanyi nake…"

"Hitar ɗumama ɗaki na ta aiki har ina zufa. Cire, ko in cire maka."

Ya san za ta aikata. Ya cire ta dama, ya cire ta hagu, ya ɗora hannuwan a kan tebur, ya kau da kai. Da ta matso sai ya janye da sauri.

"Kada ki taɓa, Tanti. Don Allah kada ki taɓa."

Daga nan maganar ta ɓalle masa. Murya ƙasa-ƙasa, yana kallon ƙofar ɗaki, ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: ƙauyen, bukkar, sunan ciwon, da ƙaryar zazzaɓi. Ya ce in an gama suna zai san abin da zai yi, wataƙila ya ce ya samu aiki a wata jiha, ya riƙa aike daga can. 

Tanti ba ta yi salati ba, ba ta ja da baya ba. Ta kamo hannun nan da ya hana ta taɓawa, ta kai shi bakin taga, ta juya shi sama da ƙasa, ta latsa gefen gwiwar hannunsa, ta duba girarsa da kunnuwansa kamar mai sayen akuya.

"Yana ƙaiƙayi?"

"Kamar in feɗe fatar in huta."

"Hm," in ji ta. Ta duba ko akwai inda ya tsage yana jini, ba ta gani ba. "Zauna. Rufe ido."

Ragowar lakar tana kan murhu tun ɗazu, da hayaniyar nan kowa ya manta da ita. Tanti ta tsoma yatsa ta ji, ta ɗan jujjuya, ta ga ba ta kai ta ƙona ba amma ta wuce yadda ake shafa wa matan Summerfield. Ta ɗebo cikin ludayi ta ɗora masa a tsakiyar farin tabon.

"Wayyo!" Daouda ya zabura har kujera ta faɗi. "Tanti, zafi! Za ki ƙona ni?"

"Ina ka ji zafin?"

"Nan mana! Nan inda kika…"

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya yana kallon baƙin dunƙulen a bayan hannunsa, tururi na tashi, zafin na ratsa shi har yatsu. Wani abu da ya shekara ashirin da ɗoriya bai tuna ba ya faɗo masa. Wata safiya ce ta sanyi, ya kai wa Babansa kunu, ya same shi a bakin bukka yana jin wuta. Baba yana ba shi labarin wata saniya da ta ɓata, sai garwashi ya yi tsalle ya sauka masa a bayan hannu, ya zauna. Baba ya ci gaba da labarinsa, har da dariya. Daouda ne ya fara jin ƙauri.

"Baba ba ya ji," ya ce a hankali. "Wuta ta ci hannunshi bai ji ba."

"To ka gani." Tanti ta ɗaga kujerar ta zaunar da shi. "Shekara goma sha ɗaya na yi ina wanke gyambo a asibitin masu wannan ciwo kusa da Maradi, tun kana yawo ba wando. Abin da ake fara dubawa ke nan. A sa auduga, a sa kwalba mai ɗumi, a ce ka ji? Tabon ciwon nan mataccen wuri ne, ba ya jin zafi, ba ya damun mutum da ƙaiƙayi. Kai kuwa ihunka har maƙwabta. Da mi kake wanke tayoyin nan?"

"Sabulun da suke ba mu."

"Da safar roba?"

"Tana rage mini sauri, Tanti."

"Tana rage maka sauri! Ka tsoma hannu cikin guba wuni guda, ka fito cikin ƙanƙara, ka zo ka kulle shi cikin ulu ya yi ta gumi, sannan ka ce gado ne. Ai gadon wauta ne." Ta ja tsaki. "Kuma ka saurara da kyau. Ciwon babanka ba jini yake bi ba, ƙwayar cuta ce kamar sauran, kuma yau akwai maganinta, mutum ya sha ya warke ya ci gaba da cin tuwo da iyalinshi. Da ma shi ne, da ba gudu za ka yi ba. Zan karɓo maka randebu, lokacin ganin likitan fata ran Litinin, ni zan yi maka tafinta, in ya so ka ji daga bakin mai takarda. Amma ni na faɗa maka, wannan ba shi ba ne."

Daouda ya buɗe baki zai yi godiya, sai kuka ya riga maganar fitowa. Ya kifa goshi a kan tebur, ƙato da shi, ya yi ta yi kamar yaron da aka tsinto a kasuwa. Wata uku bai ja numfashi ya kai ƙasa ba sai yanzu. Daɗin da ya ji har ya so ya yi masa yawa. Tanti ta ƙyale shi, ta sauke tukunyar tana fifita lakar da murfi.

"Dama abin da ya hana ka ke nan?"

Hamsatou ce a bakin ƙofar kicin, ta ɗaura zane a kan ledar, yarinyar a kafaɗarta. Gidan hayar Amurka bangonsa kwali ne, ta ji komai tun daga farko. Daouda ya ɗago, sabon tsoro ya kama shi, don ya tsira daga ciwo amma ƙaryar tana nan.

"Hamsatou, na ɓoye miki. Na ɓoye wa su Babanki. Da sun sani da ba su…"

"Da ba su mi?" Idonta jawur, amma muryarta ba ta rawa. "Kana zaton Baba zai ba da ɗiyarshi ga mutumin da zai kai ta bayan teku bai bincika ba? Kawu ya aika har ƙauyenku, ya kwana biyu can. Sun faɗa mishi komai. Sun kuma faɗa mishi wane yaro ne ke kai abinci bukkar nan safe da yamma, lokacin da manya suka gudu. Baba ya ce wannan yaron shi nake so."

Daouda ya zuba mata ido.

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun kafin a ɗaura."

"Ba ki taɓa ce mini komai ba."

"Kai ka ce zazzaɓi. Na ce to, ranar da ya ga dama ya faɗa." Ta gyara riƙon yarinyar. "Shekara huɗu ina jira, ashe sai ka bari na yi kwana shida ina zaton ba ka son ɗiyata."

Wannan ta fi lakar zafi, kuma ya san ya cancanta. Ya ce ta yafe masa, ya sake cewa, ya miƙe ya nufe su da hannuwa a buɗe. Tanti ta tare shi da ludayi.

"Ina za ka da wannan hannun? Ka yi kwana shida kana gudun shafa mata abin da babu, yanzu za ka shafa mata laka? Koma ka zauna. Tunda an fara a gama."

Lakar ta huce ta dawo daidai. Tanti ta lailaye masa hannu biyu da ita har wuya, a hankali, tana cusawa tsakanin yatsu. Ta ce kada ya ɗauka magani ce, maganin yana wurin likita da safar roba, wannan lallashin fata kawai take yi, ta sanyaya ƙaiƙayi ta tausasa inda ya bushe. Ta nemi ledar naɗi ta ga ta ƙare a bayan Hamsatou, sai ta zazzage burodi daga ledoji biyu, ta zura masa su ta ɗaure a wuyan hannu da tsumma.

Hamsatou ta dube shi, zaune da dunƙulallun hannuwa cikin leda ya ɗora su a gwiwa, dariya ta kuɓuce mata da hawayen ba su bushe ba.

"Tanti, ƙunshi kika yi mishi? Ni maijego ban samu na suna ba, shi ya riga ni."

"Bar amarya ta sha lalle," in ji Tanti. "Minti ashirin, kada ka motsa."

Litinin ɗin likita zai duba, ya yi 'yan gwaje-gwajensa, ya faɗi abin da Tanti ta faɗa da dogon Turanci, ya rubuta man shafawa. Amma Daouda bai jira Litinin ba kafin ya yarda, don ɗumin nan yana shiga kowane lungu na hannunsa yana ji, har inda ledar ta ɗan matse shi. Ƙaiƙayin da ya hana shi sakat ya lafa. Abin da ya dame shi yanzu agogon murhu ne, wanda ya rantse an taɓa shi don ba ya tafiya. Hamsatou ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, ta juyo masa da fuskar yarinyar, ya yi ta leƙe yana tambaya ko minti nawa ya rage. Tanti ta ce in ya sake tambaya za ta ƙara goma.

Da lokaci ya cika ta kwance ledojin a bakin famfo, ta wanke masa da ruwan ɗumi har sau uku, baƙin ruwa na gangarawa. Tabon yana nan inda yake, laka ba ta ɗauke shi ba, sai dai fatar ta yi laushi ta daina saɓa. Ta goge masa da tawul mai tsabta, ta shafa masa man kaɗanya kaɗan, ta ce to, je ka.

Sai ga shi bai iya ba. Ya miƙa hannuwa a sandare kamar mai karɓar tire, Hamsatou ta ce ba haka ba, lanƙwasa wannan, tallafi kan da wancan. Aka ɗora masa ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma sai da ya nemi kujera. Tana warin nono da sabulun jarirai, gashinta a kwance luf, wuyanta da ɗumi a cikin tafinsa. Ta yamutsa fuska kamar za ta yi kuka, ta fasa, ta yi hamma, ta lafe a ƙirjinsa.

 Shi kwana shida kawai ya yi, ya kusa zaucewa. Babansa kuwa shekara shida ya yi yana kallonsa daga bakin bukka, hannuwa a cikin riga, yana ba shi labarin shanu don ya ɗan ƙara tsayawa. Daouda bai taɓa duban abin ta wannan gefen ba sai yau. Ya yi masa addu'a a zuci, ya ƙara matse yarinyar kaɗan.

Tanti ta tattara tukwanenta tana mita cewa an ɓata mata safiya, kunun kanwa ma bai dahu ba. Can Hamsatou ta miƙo hannu.

"Kawo ta ta sha, Malam."

"Ai ba ta yi kuka ba tukuna," in ji Daouda.